Daga Bakin Rijiya Zuwa Kwamfuta: Yadda Ake Warware Lissafin Makamashi

Gabatarwa

Darasin aiki da makamashi yana daga cikin darussan farko da ɗalibin fiziks yake haɗuwa da su a makarantar sakandare, kuma yana daga cikin waɗanda suke bin sa har zauren jarrabawa. A ɗaya ɓangaren, ɗalibai da dama sun fara koyon rubuta umarni ga kwamfuta, kuma sau da yawa aikin farko da malami yake ba su shi ne su sa na'urar ta yi irin lissafin da suka saba yi a kan takarda. A nan ne darussan biyu suke haɗuwa, a nan ne kuma ake yawan tuntuɓe. Ɗalibi zai haddace ƙa'ida, ya zuba mata lambobi, ya kwafe duk abin da na'ura ta fitar, ko da amsar ta ce zurfin rijiyar gidansu ya kai kilomita biyu.

Manufar wannan maƙala ita ce nuna wa ɗalibi cewa amsa tana farawa ne daga hankalinsa kafin ta isa ga na'ura. Wanda ya fahimci inda makamashi ya fito da inda ya tafi, zai iya ƙiyasta girman amsa tun kafin ya taɓa madanni, kuma wannan ƙiyasi shi ne zai tsare shi daga kurakuran da lissafin kwamfuta yake jefa masu koyo a ciki.

Mene ne aiki, mene ne makamashi?

Da farko ya kamata a bambanta abubuwa biyu da Bahaushe yake kira da kalma ɗaya, wato nauyi. Yawan abin da jiki ya ƙunsa shi ne masana suke kira mas, kuma da kilogiram ake auna shi. Ƙarfin da ƙasa take janyo wannan jiki da shi, shi ne nauyi a ma'anar fiziks, kuma da niwton ake auna shi. Ƙasa tana janyo kowane kilogiram ɗaya da ƙarfin kimanin niwton 9.8, amma don sauƙin lissafi a nan za mu ɗauke shi 10, kamar yadda ake yawan yi a aji. Wannan adadi shi ne ake rubutawa da harafin g.

Ita ma kalmar aiki tana da ma'ana ta musamman. Ana cewa an yi aiki idan ƙarfi ya gusar da abu ta fuskar da ƙarfin yake turawa, kuma yawan aikin shi ne ƙarfin sau tazarar: W = F × d. Ma'auninsa shi ne jul. Saboda haka yarinyar da ta ɗauko tulu a ka tana tafiya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, ƙarfin da take tallafe tulun da shi bai yi aiki a kansa ba, domin ƙarfin yana fuskantar sama, tafiyar kuwa gaba ake yin ta. Gajiyar da take ji gaskiya ce, amma makamashin ya ƙare ne a cikin tsokokin jikinta, ya zama zafi.

Makamashi kuwa shi ne ikon yin aiki, kuma da jul ake auna shi shi ma. Iri biyu ne suka fi fitowa a tambayoyin matakin farko. Akwai makamashin matsayi, wanda abu yake da shi saboda tsawon da aka ɗaga shi, ƙa'idarsa mgh. Akwai kuma makamashin motsi, wanda abu yake da shi saboda gudunsa, ƙa'idarsa ½mv². Dokar da ta ɗaure su ita ce wadda Bajamushe Hermann von Helmholtz ya fayyace a shekarar 1847: makamashi ba ya ɓacewa, ba a kuma ƙago shi daga babu, siffa kawai yake sauyawa.

Guga da rijiya

Bari mu ɗauki misalin da kowa ya sani. Guga cike da ruwa lita 10, wato mas ɗinsa kilogiram 10 idan muka yi watsi da fatar gugan, aka janyo shi daga rijiya mai zurfin mita 20. Aikin da mai ɗiban ruwa ya yi shi ne 10 × 10 × 20, wato jul 2,000. Wannan aiki bai tafi a banza ba, yana nan ajiye a jikin gugan a matsayin makamashin matsayi muddin yana bakin rijiya.

To, a ce igiya ta tsinke a daidai bakin rijiyar. Da wane gudu gugan zai isa ƙasa? Ba sai an bi faɗuwar sakan bayan sakan ba. Jul 2,000 ɗin nan gaba ɗaya za su koma makamashin motsi, idan aka yi watsi da turjiyar iska. Ke nan ½ × 10 × v² = 2,000, wanda ya ba da v² = 400, gudun kuwa mita 20 a sakan. Wannan daidai yake da kilomita 72 a awa, gudun mota a kan babbar hanya, abin da ya isa ya nuna dalilin da ya sa masu haƙar rijiya suke tsoron ko da ɗan dutse ya suɓuce daga sama. A lura cewa da an daidaita mgh da ½mv² tun farko, harafin m zai fita daga ɓangarorin biyu, a sami v² = 2gh. Ma'ana, ƙaramin guga da babba da gudu ɗaya za su iso.

Bayan gugan ya faɗa ruwa ya tsaya, ina makamashin? Ya zama ƙara da motsin ruwa, daga ƙarshe ya zama zafi. Baturen Ingila James Prescott Joule, wanda aka sa wa ma'aunin sunansa, ya tabbatar da wannan a cikin shekarun 1840. Ya rataye abu mai nauyi da igiya, saukowarsa tana juya wasu faifai a cikin tukunyar ruwa, ya kuma auna yadda zafin ruwan ya ƙaru. Daga irin wannan gwaji aka san cewa ana bukatar kimanin jul 4,200 kafin a ɗaga zafin ruwa kilogiram ɗaya da digiri ɗaya. Jul 2,000 ɗinmu ba za su ɗaga zafin ruwan gugan ba sai da kimanin digiri 0.05, abin da hannu ba zai ji ba. Shi ya sa ake zaton makamashin ya ɓace.

Saura batun lokaci. Idan yaro ya janyo gugan a cikin sakan 40, ƙarfin aikinsa shi ne 2,000 ÷ 40, wato wat 50. Idan babban mutum ya janyo shi a cikin sakan 20, aikin da suka yi ɗaya ne, amma nasa ƙarfin aikin wat 100 ne. Wannan lissafi na mgh shi ne kuma tushen wutar da ake samu daga madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala gininta a kan Kogin Kwara a shekarar 1968. Kowace tan ɗaya ta ruwa da ta sauko tsawon mita ɗaya tana sakin kimanin jul 10,000, injuna kuma su mai da mafi yawansu lantarki.

Idan akwai gogayya

A rayuwa ta zahiri gogayya ba ta barin makamashi ya sauya siffa ba tare da ta ɗebi rabonta ba. Mai keke, shi da kekensa kilogiram 80, ya gangaro daga tudu mai tsawon mita 5 ba tare da ya taka feda ba. A saman tudun yana da jul 80 × 10 × 5, wato 4,000. Da babu gogayya da ya iso ƙasa da gudun mita 10 a sakan. Idan aka auna aka ga mita 8 a sakan yake yi, makamashin motsinsa ½ × 80 × 64 ne, wato jul 2,560. Ragowar jul 1,440 gogayyar taya da iska suka mai da su zafi. Dabarar warware duk irin wannan tambaya ɗaya ce: a rubuta makamashin farko, a rubuta na ƙarshe, a nemi inda bambancin ya shiga, tamkar yadda ɗan kasuwa yake daidaita abin da ya shigo da abin da ya fita.

Sirrin v²

Abin da ɗalibai suka fi mantawa a ƙa'idar makamashin motsi shi ne ƙaramin 2 ɗin da ke saman harafin v. A farkon shekarun 1720 masanin ƙasar Holan, Willem 's Gravesande, ya riƙa sakin ƙwallayen tagulla a kan laka mai taushi, ya ga cewa idan gudun ƙwallo ya ninka biyu, ramin da take yi yana ninka huɗu. Daga baya masaniya 'yar Faransa, Émilie du Châtelet, ta kafa hujja da wannan gwaji wajen nuna cewa gudu sau kansa ne yake shiga lissafin.

Wannan magana ta shafi rayukan mutane a kan hanya. Mota mai kilogiram 1,000 tana gudun kilomita 36 a awa, wato mita 10 a sakan, tana ɗauke da jul 50,000. Idan birki yana riƙe ta da ƙarfin niwton 5,000, za ta tsaya bayan mita 10. Idan gudun ya zama kilomita 72 a awa, makamashin ya zama jul 200,000, kuma wannan birki ba zai tsayar da ita ba sai bayan mita 40. Direba ya ninka gudunsa biyu, tazarar tsayawa ta ninka huɗu.

A nan kuma tarkon ma'auni yake. Ɗalibin da ya zuba 72 kai tsaye a cikin ƙa'ida, bai raba da 3.6 don mai da shi mita a sakan ba, zai sami jul 2,592,000, kusan ninki 13 na amsar gaskiya. Kada a ɗauka yara kaɗai suke faɗawa wannan rami. A watan Satumba na 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter a lokacin da ya isa duniyar Mars, saboda wata manhaja tana fitar da lambobi da ma'aunin fam, wata kuma tana karɓar su a matsayin niwton.

Idan aka kai lissafin gaban kwamfuta

Yanzu bari mu sa na'ura ta yi mana lissafin gugan nan. Ga shi a harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fara fitarwa a 1991:

g = 10
mas = 10
zurfi = 20
makamashi = mas * g * zurfi
gudu = (2 * makamashi / mas) ** 0.5
print(makamashi, gudu)

Tauraro ɗaya yana nufin sau, karkatacciyar sanda tana nufin rabawa, taurari biyu kuma suna nufin ɗaga lamba zuwa wani mataki. Mataki na 0.5 shi ne neman lambar da idan aka yi ta sau kanta za ta ba da abin da ke cikin baka. Na'urar za ta fitar da 2000 da 20.0, daidai da abin da muka samu da hannu. Sai dai akwai wurare huɗu da mai koyo yake zamewa.

Na farko shi ne jerin ayyuka. Kwamfuta tana fara warware abin da ke cikin baka, sa'an nan mataki, sa'an nan sau da rabawa daga hagu zuwa dama, daga ƙarshe tarawa da ɗebewa. Da za a cire bakan da ke layi na biyar, na'urar za ta fara da mas ** 0.5, amsar kuma ta zama kimanin mita 1,265 a sakan, fiye da ninki uku na gudun sauti. Haka nan mai neman zurfin rijiya daga gudu, wato v² a raba da 2g, idan ya rubuta v * v / 2 * g, na'urar za ta raba 400 da 2 ta sami 200, ta yi sau 10, ta ce zurfin mita 2,000 ne. Daidai shi ne v * v / (2 * g), wanda yake ba da 20. Ya kamata kuma a kula da alamar ^, domin a harshen BASIC da kuma Excel tana nufin mataki, amma a Python wani aiki dabam take yi: 20 ^ 2 yana ba da 22 maimakon 400, kuma na'urar ba za ta yi gargaɗi ba.

Na biyu shi ne rabon cikakkun lambobi. Kwamfuta tana ajiye cikakkiyar lamba irin su 7 dabam da lamba mai ɗigo irin su 7.0. A harsunan C da Java, idan aka raba cikakkiyar lamba da 'yar'uwarta, na'urar tana zubar da duk abin da ke bayan ɗigo. Saboda haka 1 / 2 sifiri ne a wurinsu, kuma wanda ya rubuta 1 / 2 * m * v * v zai ga motar nan mai gudun kilomita 72 ba ta da makamashi ko kaɗan. Maganin shi ne a rubuta 0.5 * m * v * v. Python ma haka yake yi a da, sai a zubi na uku da ya fito a 2008 aka sauya, 1 / 2 ya koma 0.5, aka bar alamar // ga mai son cikakken rabo. Wannan rabo yana da amfaninsa: idan ana son mai da sakan 2,000 zuwa minti, 2000 // 60 yana ba da 33, alamar ragowa kuma, 2000 % 60, tana ba da 20, wato minti 33 da sakan 20.

Na uku shi ne lambobi masu ɗigo. Duk ɗalibi ya san cewa ɗaya bisa uku ba ya rubutuwa cif a tsarin goma, sai dai 0.333 har abin da ya sawwaƙa. Kwamfuta da 0 da 1 kaɗai take ƙirga, kuma a wannan tsari ɗaya bisa goma ma ba ya rubutuwa cif. Shi ya sa 0.1 + 0.2 a Python yake ba da 0.30000000000000004. Wanda yake son manhajarsa ta tabbatar makamashin farko ya yi daidai da na ƙarshe, kada ya tambaye ta ko lambobin biyu ɗaya ne sak. Ya tambaye ta ko bambancinsu ya gaza wani ɗan ƙaramin adadi, kamar 0.000001. Irin wannan ɗan guntun kuskure idan ya taru yana yin ɓarna. A ranar 25 ga Fabrairu 1991, a garin Dahran na Saudiyya, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ta kasa tare wani makami mai linzami, sojojin Amurka 28 suka mutu. Agogon na'urar yana ƙirga ɗaya bisa goma na sakan, kuma bayan kimanin awa 100 tana kunne, kuskuren ya taru ya kai kusan sulusin sakan, lokacin da ya isa makamin ya yi tafiyar fiye da rabin kilomita.

Na huɗu shi ne cikar ma'aji. Kowace lamba tana da iyakar gurbin da aka tanadar mata a ƙwaƙwalwar na'ura. Cikakkiyar lamba mai gurabe 16, wadda take iya zama sama ko ƙasa da sifiri, ba ta wuce 32,767, don haka jul 50,000 na motarmu ma ba za su shiga ba. Python yana faɗaɗa ma'ajin cikakkun lambobi da kansa, amma ɗalibin da yake aiki da ƙananan alluna irin su Arduino Uno zai iya gamuwa da wannan iyaka. Ita ce ta hallaka rokar Turai Ariane 5 a tashinta na farko, ranar 4 ga Yuni 1996: wata lamba da ta danganci gudun rokar ta fi ƙarfin gurabe 16 da aka nemi cusa ta a ciki, na'urar saita hanya ta tsaya, rokar ta tarwatse bayan kimanin sakan 40.

Shawara ga ɗalibai da malamai

A duk waɗannan misalai na'urar ta yi daidai abin da aka umarce ta. Ba ta taɓa leƙa rijiya ba, don haka mita 20 da mita 2,000 duk ɗaya ne a wurinta. Hukunci yana hannun mai amfani da ita. Ga matakan da ya kamata ɗalibi ya lizimta:

1. Ya zana hoton tambayar, ya nuna farko da ƙarshe, ya rubuta irin makamashin da ke kowane wuri.
2. Ya mai da kowane adadi zuwa kilogiram, mita da sakan kafin ya fara lissafi.
3. Ya ƙiyasta amsa a ransa, ko da sama-sama ne, ya rubuta ta a gefe.
4. Idan ya rubuta manhaja, ya fara gwada ta da lambobin da ya riga ya san amsarsu, kamar gugan nan namu.
5. Duk inda ya yi shakkar abin da na'ura za ta fara yi, ya sa baka.

Malami kuwa zai taimaki ajinsa ƙwarai idan yana rubuta layin umarni a allo, ya nemi ɗalibai su faɗi abin da na'ura za ta fitar tun kafin a kunna ta. Wannan atisaye ba ya bukatar wuta ko kwamfuta ga kowane yaro. Alli da allo sun isa. Haka nan yana da kyau a ware maki ga ɗalibin da ya rubuta ma'auni daidai, da wanda ya gane cewa amsarsa ta saɓa wa hankali ya kuma faɗi dalili.

Gwada kanka

1. Mangwaro mai giram 200 ya faɗo daga reshe mai tsawon mita 5. Nawa ne makamashin matsayinsa, kuma da wane gudu zai iso ƙasa?
2. Ɗan dako ya loda buhu 40, kowanne kilogiram 50, a kan mota mai tsawon mita 1.5 a cikin minti 10. Nawa ne ƙarfin aikinsa?
3. Me Python zai fitar a kan 7 / 2, da 7 // 2, da 7 % 2, da 2 + 3 * 4, da 8 / 2 * 4?

Amsoshi: tambaya ta farko, jul 10 da mita 10 a sakan. Ta biyu, jul 30,000 a cikin sakan 600, wato wat 50. Ta uku, 3.5 da 3 da 1 da 14 da 16.0. Wanda ya sami jul 10,000 a tambaya ta farko ya manta mai da giram zuwa kilogiram, wanda kuma ya sami 1 a lissafin ƙarshe ya sake duba dokar hagu zuwa dama.